Dada Rakia da Abincin Askar

A unguwar Waziriyya ta Jidda idan ka tambayi Rakia, mata uku za a nuna maka. Sai ka ce 'yar Damagaram kake nema, wadda ke saman shagon mai gyaran firij, sannan a ce ka hau bene ka ƙwanƙwasa ƙofa ta biyu. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka, ƙofarta na kallon tamu. Abin da zan faɗa daga bakinta na ji shi, sai ɗan abin da na tsinta a wurin Mairo Bakanuwa, maƙwabciyarmu ta uku, wadda ba a rasa ta duk inda ake magana.

Rakia ta zo Umara cikin azumin 1996, wata takwas bayan rasuwar mijinta, tana da shekara talatin da ɗaya. Ta bar 'yarta guda, Nafissa, a hannun yayarta. Ranar da ayarinsu ya tashi komawa gida, ita tana ɗakin wata 'yar garinsu a Jidda tana tuƙa tuwo. Har yau ba ta taɓa cewa ta gudu ba. Cewa take jirgin ya tashi ba ta nan.

An samar mata aiki a Bagdadiyya, a wani tsohon gida mai hawa biyu da tsakar gida, wurin wani mai sayar da yadi da matarsa. Wanke-wanke aka ɗauke ta yi, amma kafin wata uku kicin ya koma hannunta, haka ma autar gidan, Wejdan, 'yar shekara huɗu mai ƙin cin abinci. A gidajen nan Dada ake ce wa mai raino, sunan ya bi Rakia har Waziriyya. Wejdan ta tashi da Hausa irin ta kicin. Ta san "zauna", ta san "buɗe baki", ta san "za ki sha duka", ta kuma san sunan kowace miya. Sauran maganarta da Larabci take cikewa.

Rakia ta koyi girkin Larabawa har ta fi masu shi, amma akwai abu ɗaya da ba ta sassauta a kai: nama sai ya saki ƙashi. Wata rana maigidan ya shigo da gasasshen nama daga wani babban gidan abinci, irin wanda ake barin cikinsa ja da gangan. Ya shiga wanka. Kafin ya fito ta mayar da naman kan wuta, ta kuma gaya masa kada ya sake zuwa wurin, ba su iya ba.

Shekaru suka tafi. Maigidan ya rasu, uwar gidan ta koma Riyad wurin babban ɗanta, Wejdan ta zama likitar haƙori ta ce ita ba inda za ta. Gidan ya rage daga ita sai Rakia, wadda ke zuwa da safe ta koma Waziriyya bayan la'asar, Juma'a da Asabar ta huta. Ana haka, a farkon 2021, Wejdan ta shigo da kare.

Kare ne na ƙasar ƙanƙara, gashi buzu-buzu fari da ruwan toka, idanu shuɗaye. A zafin Jidda ba ya iya minti goma a tsakar gida, don haka aka ba shi ɗakin da marigayi yake karɓar baƙi, aka kunna masa na'urar sanyi ba kashewa. Oska Wejdan ta sa masa suna. Rakia ba ta nan lokacin da aka raɗa. Da safe tana yanka albasa ta ji an ƙwala kira daga sama, a kunnenta kuma "Askar!" ta ji. Mutumin da ya shekara ashirin da biyar a ƙasar nan ba iƙama, wato takardar izinin zama, ba ya jin an ambaci askar, masu kamen baƙin haure, ya ci gaba da yanka albasa. Wejdan ta same ta a kan rufin gida, bayan tankin ruwa, takalmanta a hannu. An yi mata bayani, ta sauko, amma sunan bai gyaru a bakinta ba. Askar take ce masa.

Ta kafa sharuɗɗa uku: ba za ta taɓa shi ba, ba zai shiga kicin ba, kwanonsa ba zai haɗu da na mutane ba. Ta kuma tambayi limamin masallacin layinmu, ya ce mata ciyar da dabba akwai lada, ta dai kula da tsarkinta. Abincin karen a lokacin ba wahala. Wasu busassun ƙwayoyi ne a buhu, kamar kashin awaki, a ɗebo da kofi a zuba. Takan zuba ta tura kwanon da sandar goge-goge daga bakin ƙofa.

Sai karen ya fara susa. Ya yi ta susa har gefen wuyansa ya zama ja, gashin ya zube. An canza sabulu, an canza buhu, ba ta canza ba. Wejdan ta yi makonni da waya a hannu tana karatu. Ran nan ta shigo kicin da takarda mai launi-launi, da ƙaramin sikeli mai nuna lamba, mutum biyu kuma na biye da ita ɗauke da sabon firiza.

Ta ce, "Dada, daga gobe Oska ɗanye zai riƙa ci."

"Ɗanyen me?"

"Nama. Tsoka, ƙashi, hanta, ƙoda. Duka ɗanye."

Rakia ta dubi murhu. "Gas ne ya ƙare?"

"Akwai gas."

"To me ya yi miki?"

Wejdan ta yi bayani da Larabci mai tsawo. Ta ce kakannin karen a daji suke, kuma ba mai dafa musu, cikinsu an halicce shi don ɗanye. Rakia ta ce nata kakannin ma a daji suke, amma suna hura wuta. Wejdan ta ce, "Yalla, Dada," ta liƙa takardar a jikin firiza. Da yake Rakia lambobi kawai take karantawa, Wejdan ta zana mata hoton kowane abu a gefen lambarsa. Tsokar raƙumi ko ta sa giram ɗari huɗu. Wuyan kaza ɗari, da ƙashinsa. Hanta talatin, ƙoda ko saifa talatin. Niƙaƙƙiyar kabewa cokali biyu. Ƙwai sau biyu a mako, har da ɓawon. Ranar Talata ƙaramin kifi, da kansa da komai. Hoton ƙodar ya fi kama da wake, amma Rakia ta gane.

Cefanen ma ita aka ɗora wa, don Wejdan ta san ba wanda zai sayar wa Dada nama mai kwana. Mahaucinta Mahamadou ne, mutumin Maraɗi, mai yanka a wani shago na kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa, a bakin layinmu. Shekara da shekaru ya san abin da take saye: ƙirji, ƙafar sa idan jikinta ya yi sanyi. Sai ga ta ranar Asabar tana neman saifa, da wuyan kaza guda goma sha huɗu ba kazar, da hanta wadda za a yanka mata ƙanana daidai wa daida. Mairo ta gani a leda. Kwana biyu ta yi tana nazari, ta yanke cewa ko dai wani boka ne ya rubuta wa Dada Rakia wannan haɗi, ko kuma jininta ne ya yi ƙasa tana ɓoyewa. Ta zaɓi na biyun saboda maƙwabtaka, ta fara kawo mata dafaffen zogale.

Mako uku Mahamadou yana yanka mata yana ƙullawa. A na huɗu Wejdan ta ƙaro abu a takarda: tumbi, amma wanda ba a wanke ba, da koren da ke cikinsa. Rakia ta tsaya a shagon har kowa ya watse, sannan ta faɗa da murya ƙasa-ƙasa tana kallon bango.

Mahamadou ya goge wuƙarsa ya ce, "Hajiya, kilo nawa ne shi?"

"Wa?"

"Karen."

Ta waiga ta dubi ƙofar shagon.

Ya ce, "Gida huɗu nake kai wa a arewacin gari. Akwai ma wanda bai fi kyanwa girma ba, shi zomo yake ci. Ba ke kika fara ba."

Ta ce, "Ashirin da uku. Alhaji, kada Mairo ta ji."

Kafin la'asar Mairo ta ji. Mahamadou ya rantse ba daga bakinsa ba, kuma na yarda da shi, domin tagar Mairo shagon nasa take kallo. Ta daina kawo zogale. Mako guda idan ta shiga ɗakin Rakia aka ba ta ruwa sai ta ce yanzu ta sha.

Rakia ta bi takardar sau da ƙafa. Ta auna, ta ƙulla a leda na kowace rana, ta jera a firiza, ta fito da na gobe ya narke a ƙasan firij. Da safe ta juye a kwano ta tura da sanda. Matsalar ita ce ba ta iya ajiye abinci ta juya baya. Duk wanda ta ciyar a rayuwarta sai ta tsaya ta ga ya ci. Don haka takan tsaya a bakin ƙofa tana kallon Askar yana tauna wuyan kaza mai sanyi, ƙashin na ƙara ƙaras-ƙaras, jini-jini na taruwa a gindin kwano, ƙarni ya cika ɗakin baƙin marigayi. In ya gama ya ɗago ya dube ta da shuɗayen idanun nan. Ta ce mini ba za ta iya cewa ga abin da yake nufi ba, amma ita kunya take ji.

Cikin Janairu sanyi ya sauko Jidda, irin wanda ke sa mu fito da rigunan sanyi kwana huɗu a shekara. Rakia ta taɓa ledar naman ta ji har cikin haƙoranta. Bai zo mata a rai ba cewa karen ɗan ƙasar ƙanƙara ne, kuma wannan ne makon da ya fi jin daɗi tun zuwansa. Ta tafasa ruwa a buta ta kwara a kan naman, don dai ya saki sanyi. Ya cinye ya lashe kwano. Washegari ta bar naman a ruwan ya ɗan daɗe. Da mako ya zagayo ta sayi ƙaramar tukunya ta kanta, tana ɓoye ta bayan tulun gas. Tafasa ɗaya, sannan biyu, sannan ɗan gishiri a bakin yatsa. Kullum sai ta auna komai ɗanye tukuna kamar yadda takarda ta ce, don kada a ce ta ci amanar lamba. In ta sauke ta buɗe taga ta sa turaren wuta kafin Wejdan ta dawo. Har cikin azumi ba ta fasa ba, sai dai gishirin da ido take kintata.

Karen ya koma kwana a bakin ƙofar kicin. Ba ya tsallake dokin ƙofa, ya san doka, amma hancinsa a ciki yake. Juma'a da Asabar, da Wejdan ke ba shi ɗanye da hannunta, sai ya sansana ya koma ya kwanta yana kallon ƙofar gida, ba ya ci sai yunwa ta ci ƙarfinsa. Wejdan ta kira Rakia a waya.

"Dada, wallahi kewarki yake. Ba ya cin abinci in ba kya nan."

Rakia ta ce, "Allah sarki."

Susa ta tsaya, gashi ya fito yana ƙyalli. Wejdan ta riƙa ɗaukar hotonsa tana tura wa ƙawayenta masu karnuka, tana gaya musu su daina abincin buhu, ga abin da ɗanyen nama ke yi. Wasu har gida suka zo su gani. Rakia ta kawo musu shayi ta koma kicin.

Mako biyu bayan ƙaramar Sallah, wuyan kaza ya yanke a wurin Mahamadou, ya ba ta cinyoyi a madadinsa. Ranar Litinin ta ɗora tukunya, sai Nafissa ta kira daga Damagaram a kan shirin sunan jikar da ta haifa wa Rakia. Hira ta yi tsawo, cinyoyi suka dahu luguf, irin dahuwar da Rakia ke so. Ta bari suka huce ta juye masa, da ƙashi da komai, kamar yadda ake ba kowane kare a garinsu in an gama cin kaza.

Da ta iso ranar Talata da safe, Wejdan ta riga ta fita aiki, kuma ba kowa a bakin ƙofar kicin. A ƙarƙashin matakala ta same shi, ya ƙudundune, bayansa a tanƙware, ga amai a wuri uku, na ƙarshen da jini. Ta kira sunansa. Ya motsa wutsiya sau ɗaya, bai ɗago kai ba.

Ta buga wa Wejdan waya, Wejdan ta iso cikin farar rigar aiki. Karen ba ya iya tashi, ita kuma ba ta iya ɗaukar kilo ashirin da uku ita kaɗai. Ta dubi Rakia. Rakia ta naɗe hannun abayarta ta kama ta wajen ƙirji. A kujerar baya kansa a cinyarta ya kwanta, miyau na zuba a jikinta. Ta ce mini ba ta san lokacin da ta fara bubbuga bayansa ba, irin yadda ake yi wa jariri mai ciwon ciki. Ta ce gashin ya fi yadda take zato laushi.

A asibitin dabbobi aka karɓe shi a kan gado mai taya. Mai karɓar baƙi ta buɗe kwamfuta, sai ga hoton Askar, da ranar haihuwarsa, da jerin alluran da aka yi masa. Ta goga wata na'ura a wuyansa ta yi ƙara, lamba ta fito. Rakia, wadda ko sau ɗaya ba a taɓa buɗe mata fayil a wani asibiti a ƙasar nan ba, ta tambayi Wejdan mene ne wancan. Wejdan ta ce shaidarsa ce, a ƙarƙashin fata take. Rakia ta ce, "Ashe Askar na da iƙama."

Likitan, Dokta Badr, ya ɗauki hoton ciki ya ce akwai ƙashi da ya tsaya a hanji, ya ji masa rauni, sai an yi aiki yanzu. Aka shiga da shi. Suka zauna a kujerun jira, gefensu wani dattijo riƙe da aku a keji. Wejdan ta fara kuka tana magana ita kaɗai. Ta ce ita ta jawo. Ta ce mahaifiyarta ta gaya mata ta bar wannan haukan ɗanyen nama, ta ƙi ji. Ta ce ta sa mutane sun bi ta, yanzu in karnukansu suka mutu ita ce. Rakia ta saurara har agogon bango ya ci rabin awa.

Sannan ta ce, "Ba ɗanye ya ci ba. Na dafa."

Wejdan ta ɗago. "Jiya?"

"Tun sanyi."

"Wane sanyi?"

"Na Janairu."

Wejdan ta tashi ta koma kujerar da ke can ƙarshe, kusa da mai aku.

Bayan awa biyu Dokta Badr ya fito da ƙaramin faranti na ƙarfe. A ciki akwai tsinke uku na ƙashi, masu tsini kamar allurar ɗinkin buhu. Ya ce an dace, karen zai tashi. Ya ce wannan dafaffen ƙashi ne. Ɗanyen ƙashin kaza yakan murƙushe a baki, amma in ya dahu sai ya bushe ya riƙa tsagewa. Ya ce shi a karan kansa ba mai son ciyar da ɗanye ba ne, saboda ƙwayoyin cuta da ke iya kama kare har da mutanen gida, kuma ko ɗanyen ƙashin ma ba a rasa haɗari. Wanda ya nace zai yi, to ya daskarar, ya wanke hannu, ya ware wuƙa. Dafaffen nama ba ya cutar da kare. Dafaffen ƙashi ne ba a bayarwa ko sau ɗaya.

Rakia ta ce da Larabcinta na kasuwa, "To me ya sa ba a rubuta a takarda ba?"

An rubuta. Yana can ƙasan takardar da jan rubutu, har an ja masa layi. Shi ne kawai abin da Wejdan ba ta zana wa hoto ba.

Likitan ya rubuta abin da za a ba shi na mako biyu: ƙirjin kaza dafaffe ba ƙashi, da farar shinkafa mai laushi, ba gishiri, kaɗan-kaɗan sau huɗu a rana. Ya tambaya ko akwai wanda ya iya girki a gidan. Wejdan tana kallon takardar ta ce, "Akwai."

Kwana biyar Wejdan ba ta yi mata magana ba sai amsa sallama. Ba ta ce Dada ba, ba ta ce Rakia ba. Rakia ta haɗa 'yan kayanta na gidan a jaka ta ajiye bayan ƙofa, ta ci gaba da dafa shinkafa sau huɗu a rana. Askar yana kwance da wani abu kamar mazurari a wuya don kada ya lashi ɗinkin, ba ya kai baki kwano, sai ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno tana ba shi da hannu. A Waziriyya mun ga canji. Ba ta fitowa hirar matakala. Mairo ta shiga ta same ta zaune ba ta kunna fanka ba, ta fita ta dawo da kunu, ta zuba a kofin Rakia, ta fara sha da kanta sannan ta miƙa mata.

Rana ta shida Wejdan ta dawo da wuri ta tsaya a ƙofar kicin.

Ta ce, "Wata huɗu, Dada. Ina kiranki ina cewa kewarki yake, kina ce mini Allah sarki."

"Kewar tawa yake mana. Da ta tukunya."

Wejdan ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kin bar ni ina gaya wa mutane abin da ba haka ba. A gabanki. Kina kawo musu shayi."

Rakia ta rage wuta. Ta ce, "Tun da nake ban taɓa ajiye wa mai rai abinci da jini a kwano ba. Gani na yi kamar wulaƙanci ne. Da na gaya miki hana ni za ki yi."

"Da na hana ki."

"Shi ya sa." Ta rufe tukunya. "Amma na yi laifi. Ni na kusa kashe shi, ke kuma na sa ki ƙarya. Ki yafe mini, Wejdan."

Ta ce mini wannan ce kalma mafi nauyi da ta taɓa fita daga bakinta, ga yarinyar da ta yi wa wanka da hannunta. Wejdan ta daɗe tana kallon jakar da ke bayan ƙofa. Sannan ta ce, "Halas, ya wuce, Dada. Mayar da kayan nan." Ta buɗe tukunya ta ɗebi shinkafar a cokali ta kai baki, ta ce ba gishiri. Rakia ta ce ba tata ba ce.

Da mako biyun suka cika, Wejdan ta ce ɗanye za a koma. Rakia ba ta yi musu ba. Askar ne ya yi. Kwana biyu yana sansanawa yana kau da kai, a na uku ya haƙura. An yi gyara biyu. Ƙashi yanzu Mahamadou ke niƙawa a injin da ya ware, ya zama kamar kwaɓi, ba abin da zai tsaya a hanji. Sannan an yarda Rakia ta tsoma ledar naman a ruwa mai ɗumi kafin ta juye, ɗumin da za ka sa hannu ba ka cire ba. Wejdan ta zana hoton wannan ma, da hoton tukunya an ja mata jan layi biyu. Abin da ya warkar da susar kuwa har yau ba a tantance ba. Wejdan ta ce ɗanye ne, don tun kafin Janairu ta fara raguwa. Rakia ba ta cewa komai. Dokta Badr ya ce mai yiwuwa wani abu ne a cikin buhun bai karɓe shi ba.

Wejdan ta kira ƙawayenta ɗaya bayan ɗaya ta gaya musu gaskiya. Abin da suka riƙe daga labarin shi ne akwai wata mata a Bagdadiyya da ta san inda ake samun saifa mai kyau, kuma ba ta kuskuren awo. Yanzu karnuka tara Rakia ke haɗa wa abinci, Lahadi da Laraba, a ɗakin ajiya na ƙasa da aka sa wa firiza biyu da famfo. Tana sa safar hannu, tana da wuƙa da katako na aikin kaɗai, tana kuma da abaya ta daban da take cirewa kafin salla. Ledar kowane kare da launin zaren da take ɗaure ta da shi. Duk wanda ya zo karɓa, ko injiniya ne ko matar wane, sai ya tsaya ya amsa tambaya a kan kashin karensa: launinsa, taurinsa, sau nawa. In ya ce bai duba ba, ta ce ya je ya duba ya kira ta. Kowa kuma sai ta gaya masa maganar dafaffen ƙashi, ko ya sha ji.

Ta daɗe ba ta gaya wa Nafissa irin aikin da take yi ba. Daga baya ta gaya mata a waya. Nafissa ta ce, "Inna, ke dai kina samun naman kina ci?" Ta ce tana ci, har ya ishe ta.

Bana shekararta sittin. Gwiwa ta fara damunta, Wejdan ta sa an kawo mata doguwar kujera don ta riƙa yanka a zaune, ita kuma ta ɗora sikeli a kai ta ci gaba da tsayuwa. Makon jiya wata malamar makaranta mai suna Areej ta kira, ta ce tana da kyanwa mai yawan amai, ko Dada za ta haɗa mata. Rakia ta ce ita ba ta san cikin kyanwa ba, a fara kai ta wurin Dokta Badr ya rubuto, sannan a kawo ta ta gan ta da idonta. Sun sa ranar Talata bayan azahar.